Cokalin Gishirin da Aling Choleng Ba Ta Faɗa Ba

Mai girma Fada Eusebio, limamin cocinmu. Kapitana Herminia Baldemor, shugabar unguwarmu. Mang Doroy, mijin marigayiya. Luningning, 'yarta tilo. Dangin da suka taso daga Pila da Santa Cruz. Maƙwabta da abokan arziki, ina gaishe ku, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Sunana Efren, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Ban san dalilin da ya sa aka zaɓe ni ba, ga waɗanda suka fi ni iya magana. Wataƙila don an san ina rubuta abin da ya faru kowace rana a littafi. Yau kwana arba'in da rasuwar Aling Choleng, kuma kwana talatin da ɗaya ke nan tanderunta bai ga wuta ba. Luningning ta rufe shi, ta ce ba ta gaji hannun uwarta ba. A kan wannan nake so in yi magana, amma bari in fara da mai tanderun.

Ta kasance mace mai kunne. Da bayan adda take ƙwanƙwasa ɗanyar kwakwa ta san abin da ke ciki. Mu duka mun sha jiyo ta da safe tana yi wa mijinta faɗa: "Doroy, shekara arba'in kana saro kwakwa, har yau ba ka bambance mai ruwa-ruwa kamar majina da mai taushi kamar shinkafa ba?" Shi kuwa ya ce, "Choleng, da na iya zaɓe, ke zan zaɓa?" Ta ce, "Tsohon banza, koma bishiya!" Sai dariya ta tsallako mana katanga.

Ta kasance ba ta miƙa wa kowa fai ɗinta, gashin fulawar nan mai kwakwa a ciki, shi kaɗai. Dole ta kwance ganyen ayaba, ta yanko farin cukun madarar ɓaunar gida da ke ciki ta ɗora a kai. Na rubuta ranar da wani baƙo daga Manila ya ture cukun gefe da cokali. Ta tsaya a kansa ta ce, "Ɗana, daga zuwanka za ka kashe musu aure?" Ya haɗa ya ci, ya nemi ƙari.

Ta kasance tamu duka. Shekarar da tafki ya cika ya kore mu zuwa makarantar firamare, kwana goma sha ɗaya tana ratsa ruwa har gwiwa da faranti a ka. Babu gidan makoki a unguwar nan da fai ɗinta bai riga ta isa ba. Ba ta taɓa riƙe muƙami ba, Kapitana, amma kin san nauyin da ta sauke miki.

Yanzu ga abin da ya yi mini nauyi. Ran sha huɗu ga Yuli, ciwo ya riga ya ci ƙarfinta, ta aika a kira ni. Ta ce, "Efren, kawo littafin nan naka, yau dai ya yi rana. 'Yata Ning ta yi shekara goma sha biyar tana aiki a Hong Kong, ba ta tsaya kusa da ni ta gani ba. Rubuta mata." Na zauna. Fulawa, man shanu, madara, sukari. Na ce, "Sukari nawa, Aling Choleng?" Ta ce, "Daidai." Na ce, "Nawa ne daidai?" Ta ce, "Kai dai Allah ya sawwaƙe maka," ta damƙo da hannu, na auna a kofi na rubuta. Da muka gama na ce, "Gishiri fa?" Ta ce, "Babu."

A ranar sau biyu ta kira ni da sunan mahaifina. Sai na ce a raina magani ne ya ruɗa ta, don ban taɓa jin fai ba gishiri ba. Da na zo kwafewa a takarda mai tsabta, na ƙara da hannuna: gishiri, cokali guda.

Luningning, da takardar nan kika yi fai ranar addu'ar kwana tara. Ina saka shi a baki tare da cuku na gane. Cukun ne gishirinta. Shi ya sa ba ta zubawa. Na ga mutane suna neman ruwa, na ji wata tana raɗa cewa hannu ya tafi da mai shi, na ga kin shige kicin kin ja ƙofa. Na san gaskiya, na yi shiru. Kwana talatin da ɗaya ina zuwa bakin ƙofarku ina komawa, don kunya.

Mahaifiyarki ba ta ruɗe ba. Hankalinta ɗaya har ƙarshe, ni ne na yi shakkarta. Ke kuma ba ki yi kuskure ko ɗaya ba, abin da aka rubuta miki kika bi. Ɓawon ya yi, kwakwar ta yi. Na faɗa a gaban mutanen da suka ci, don a gabansu kika ji kunyar da ba taki ba. Na sake kwafo miki maganarta yadda ta faɗa, ban ƙara ko ɗigo ba. Ki yafe mini, ko ba yau ba. Amma ina roƙonki, kada laifina ya raba ki da abin da ta tattara sauran ƙarfinta ta bar miki. Ki hura wutar nan.

Mang Doroy, ka yi haƙuri. Ba za mu bar ka kai kaɗai ba.

Na gode wa Fada, da Kapitana, da matan da suka dafa abincin yau, da kowa da ya baro aikinsa ya zo. Ya Ubangiji, ka ba baiwarka Soledad, wadda muke kira Choleng, hutawa ta har abada, haskenka ya haskaka mata. Ka sanyaya zuciyar mijinta, ka ƙarfafa hannun 'yarta. Mu da muka rage, ka gafarta mana abin da muka ƙara a maganar waɗanda suka amince da mu. Amin.