Akori-kurar da Ta Kasa Ja

A kasuwar Zakirai, shekarar da fetur ya yi tsada, na ji wani dattijo yana taya akori-kurar wani direba.

"Za ta ja tirelar taki?" in ji dattijon.

"Baba, birkinta sabo ne."

"Birki na tsayawa ne. Ja nake tambaya."

"To, na sa an sauya mata giya don ta rage shan mai. Gudu ya ƙaru, ƙarfin ja ya ɗan ragu."

"Ɗan raguwar nan nake tsoro. Da damina motar wata mai naƙuda ta kafe a taɓo a ƙauyenmu. Wata akori-kura ta zo ta yi ta kuka, ko motsa ta ba ta yi ba. Sai da ƙanena ya ɗaura shanun nomansa."

"Ai taɓon ya kai gwiwa."

"Kana wurin ne?"

Direban ya sunkuyar da kai. "Matata ce a ciki, Baba. Ni aka kira in ja."

"Ta sauka lafiya?"

"Lafiya lau, namiji. Na so a sa masa sunan mahaifina, ta ce sai dai na mai shanun."