Fentin da ya kashe fitilar tirela

Mai gabatarwa, ina gaishe ka da aiki. Ni ne Baba Ango, tsohon direban soja, daga Zuru. Ban yi boko ba, maƙwabcina ke riƙe da biro, amma maganar tawa ce.

Ɗana Bitrus yana jan ƙaramar tirela da a-kori-kurarsa, yana kai dawa kasuwar Bena. Bayan girbi ya yi wa tirelar sabon fenti. Tun ranar, in ya taka birki sai sigina ta kama, jar fitila kuwa shiru. Saura kaɗan wani ɗan kabu-kabu ya afka masa ta baya.

Mai wayarin da muka kai wa motar ya canja ƙwayayen fitila, ya canja fis, har ya ce sai an kwance wayoyin duka. Na ce a duba wayar at, wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfe.

Ya ce, "Baba, motar yanzu ba irin ta zamaninku ba ce. Je ka zauna a inuwa."

Na ce, "Inuwar ta jira ni."

Na durƙusa na kwance notin wayar, na kankare fentin da ke ƙarƙashinsa da wuƙata har ƙarfe ya yi fari, na mayar na ɗaure. Bitrus ya taka birki, fitila biyu suka kama ja wur! Tun muna bariki sajanmu ya koya mana, wuta ba ta fita sai ta ga hanyar komawa.

Direbobi, in za ku yi fenti, ku bar wa wayar nan wurinta. A gaishe mini da tsofaffin sojan Zuru, da mai wayarin nan. Na bar masa inuwar, ya je ya zauna.