Ƙaton da Kafil Ya Zata

A tashar Mushairib da ke Doha, Gado direba ya ƙare wa tsamurmurin mutumin da ke gefensa kallo, bai gamsu ba.

"Malam Elnathan, kai ka buga wa Filato rugby, har da Najeriya? Wasan ƙarti?"

"Ni ne lamba tara. Ƙarti su yi turereniya, in zaro ƙwallo daga ƙarƙashinsu, in jefa wa na baya."

"Me ya kawo ka Doha?"

"Kafil, ubangidan da ya yi min biza, ya ji an ce ɗan rugby, ya ɗauke ni gadi. Yana ganina, khalas, shi ke nan, ya tura ni sito."

"Ayya, an rage maka daraja."

"Ina! Ƙarti su sauke kwali, in miƙa wa na baya, a yaba wa wanda ya kai. Aikina ne tun Jos, sai dai nan ba mai taka min hannu."