Igiyar Baffan Illiya

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ce Hadiza daga Gangara.

Tun da fari ya kashe mana dabbobi, maigidana ya tafi Libiya bai dawo ba, ɗana Illiya ya canza. Yana cizon yara a lakwal, wato makaranta, yana fasa mini tukwane. Muna duka, abin yana ƙaruwa.

Sai wata ma'aikaciyar lafiya daga Tanut ta riƙa zuwa gidanmu tana zaunar da mu. Ta ce, "Yaya, ajiye bulalar, ki tambaye shi damuwarsa." Na tambaye shi, ya fashe da kuka: "Inna, ke ma tafiya za ki yi?" Daga nan ya fara natsuwa.

Amma baffansa ya kore ta, wai baƙuwa ba za ta koya mana tarbiyya ba. Ya ɗaure yaron a turken awaki. Na yi magana, aka ce in rufe baki.

Ranar kasuwa Illiya ya kwance kansa, ya hau motar Agadas. Baffan ko tasha bai leƙa ba.

Mutanen Agadas, yaro ne siriri mai tabo a goshi. Wanda ya gan shi ya ba shi ruwa, don Allah ya aiko mini.