Awon Tagar Inna

Mastura: Salamu alaikum. Alo?

Rafi'u: Wa alaikumus salam! Mastura, kina ji na?

Mastura: Ina ji, Abu Razan. Ina kwana?

Rafi'u: Wane ina kwana? Mu nan Filifin har mun yi la'asar. Yaya kuke? Yaya Jidda?

Mastura: Lafiya lau. Ya baƙunta? Ya koyon aikin?

Rafi'u: Alhamdu lillahi, injinan sun fara jin maganata. Ina Razan?

Mastura: Tana barci. Haƙori take yi, jiya da ƙyar ta runtsa.

Rafi'u: Allah sarki, 'yar Baba. Inna fa, ya ƙafarta?

Mastura: Da sauƙi. Tana alwala.

Rafi'u: Yaya Hamad yana leƙo ku?

Mastura: Kullum.

Rafi'u: Kullum? Yaya Hamad ɗin? Lallai tafiyata ta yi rana. Masu rusau fa, har yanzu suna can bayan babban titi? Ba su matso layinmu ba?

Mastura: Alo? Maganar tana yankewa.

Rafi'u: Shabakar waya ce, ba ta da kyau a nan. Bari in fita waje. Yawwa. Canki inda nake.

Mastura: Ba masana'anta ba?

Rafi'u: Yau Asabar, hutu. Nestor ne ya kawo ni garinsu. Kin tuna shi, abokin aikina da ya zo sunan Razan ya cinye mana dambu?

Mastura: Mai dariyar nan.

Rafi'u: Shi. Garin Taal ake ce masa. Jiya ya kai ni wani tudu muka hango tafki, a tsakiyar ruwan akwai dutse yana hayaƙi. Na ce ya akhi, kuna ganin wannan kuke iya barci? Ya ce ai maƙwabcinsu ne, sun saba da halinsa.

Mastura: Subhanallahi. Kada ka matsa kusa, don Allah. Kana samun abin da za ka ci?

Rafi'u: Kifi da shinkafa. Safe kifi, rana kifi. Uwar Nestor sabuwar tukunya ta saya saboda ni, wallahi har na ji kunya. Amma ba wannan ya sa na kira ba. Mastura, yau na shiga wani gida.

Mastura: Na wa?

Rafi'u: Tsohon gida, tun zamanin kakannin kakanninsu. Ƙasan dutse, saman katako, kamar tsofaffin gidajen unguwar Balad a Jidda, sai dai shi fāɗi gare shi maimakon tsawo. Jikokin ba su taɓa komai ba. Gadon tsohuwar yana inda ta bar shi. Dutsen gugarta na gawayi, tulun ruwanta, har kujerar da mijin yake zama, hannun kujerar ya sulɓe don dafawa. Hotunansu duk a bango. Wata jikar ce take zagawa da mutane, tana cewa nan aka haifi wane, nan wance ta rasu.

Mastura: Uhm.

Rafi'u: Ina hawa matattakala sai na tsaya. Nestor ya ce lafiya? Na ce gidanmu na tuna. Mu ma ai muna da irin wannan, ba mu san darajarsa ba. Kakana da ƙafa ya zo daga ƙasar Hausa, da hannunsa ya ɗora bulon gidan nan. Bangon da Baba yake jingina har yanzu da alamar kansa. Ni kuma kullum ina cewa a yi fenti. Halas, shi ke nan, ba mai sake taɓa bangon nan.

Mastura: Abu Razan...

Rafi'u: Tsaya ki ji ta tagogin. Ba gilashi ba ne. Sadaf ne, ɓawon nan na bakin teku, an yanka ƙanana an jera a katako. Rana na shigowa amma ba ta dukan ido, ɗaki ya yi haske mai sanyi kamar madara. Na ce wannan ta Inna ce. Kin san yadda hasken la'asar yake damun idonta a tagar nan da take zama.

Mastura: Na sani.

Rafi'u: To ga ni a ƙofar mai yin su. Tsoho ne, ya ce zai haɗa mini gunduwa-gunduwa yadda za ta shiga jaka. Awo kawai yake jira. Ɗauki tef ɗin ɗinkinki ki auno mini tagar ɗakin Inna, tsawo da fāɗi. Yalla, yi sauri, rasid ɗin wayata ba shi da yawa, kuɗin ya kusa ƙarewa.

Mastura: Tef ɗin... ban san inda na sa shi ba.

Rafi'u: Auna da taƙi. Taƙinki na sani.

Mastura: Ka bari sai ka dawo mana.

Rafi'u: In dawo Jidda in sake komowa Filifin saboda taga? Taku nawa ne daga ɗakinmu zuwa nata? Tashi don Allah, tsohon yana kallona.

Mastura: To.

Rafi'u: Kin tashi?

Mastura: Na tashi.

Rafi'u: Ban ji ƙarar ƙofarmu ba. Kuma wace hayaniyar motoci ce wannan? Yaushe mota ta fara shiga lungunmu? Mastura, ina kuke?

Mastura: Muna... gidan Yaya Hamad. Unguwar Sharafiyya.

Rafi'u: Ziyara?

Mastura: Inna ta ce kada a gaya maka. Ta ce ba a bin matafiyi da mugun labari, kuma aikinka na wuta da ƙarfe ne, in hankalinka ya rabu za ka ji ciwo. Kowa sai da ta sa ya yi mata alkawari. Ni ma na yi.

Rafi'u: Wa ya rasu?

Mastura: Ba wanda ya rasu.

Rafi'u: To mene ne? Mastura, kuka kike?

Mastura: Babu tagar, Abu Razan. Babu gidan.

Rafi'u: Ban ji ba. Shabakar...

Mastura: Ka ji. Bayan tafiyarka ba da jimawa ba suka zo suka sa jan fenti a bangonmu, layin gaba ɗaya. Aka yanke wuta. Muka kwashe abin da ya samu. Satin da ya wuce aka rushe.

Rafi'u: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mastura: Alo? Kana nan?

Rafi'u: Ina nan. Duk wayar da muka yi kwanakin nan...

Mastura: A banɗaki nake shiga in amsa, don kada ka ji motoci. Yau Razan ce a cinyata, ban so in tashe ta.

Rafi'u: Me kuka fitar?

Mastura: Kayan sawa, katifu, keken ɗinkina, akwatin littattafan Baba. 'Yar motar kaya, dabbab, guda ɗaya Yaya Hamad ya samu, kowa a unguwar mota yake nema. Ya so ya cire ƙofar zaure, ta ƙi fita, Kaka ya kafa ta da kyau. Ya yi ta fama har hannunsa ya fashe.

Rafi'u: Kin ga lokacin da aka...

Mastura: Ban gani ba. Washegari na roƙi Yaya ya kai ni. Wallahi ban gane wurin ba, fili ne kawai har ƙarshen ido. Da itacen kurnar gidan maƙwabtanmu su Tahani na gane, shi ma ya kwanta. Na tsaya inda nake zaton ɗakinmu ne. Ban tabbata ba ma ko na maƙwabta na tsaya.

Rafi'u: La haula wa la ƙuwwata. Inna fa? Gaya mini gaskiya.

Mastura: Ba ta yi kuka ba, ko sau ɗaya. Ranar da za mu fita ta share tsakar gida tas, ta yayyafa ruwa, ta kulle ƙofa. A nan ba ta cin abincin kirki. Takan ce in tashi mu tafi gida kafin magariba, sai ta tuna, ta koma ta zauna. In za ka kira kuwa, tun safe take gyara murya.

Rafi'u: Zan nemi izini in dawo. Gobe ma.

Mastura: Ka dawo ka yi me? In ka bar aikin nan kamfani ya fasa sabunta iƙamarka ta zama a ƙasar, ina za mu sa kanmu? Abin da take tsoro ke nan. Wayyo, ga ta nan ta fito. Abu Razan, don girman Allah kada ka nuna ka sani. Shi kaɗai ya rage mata, ganin ta tsare ka.

Rafi'u: Ba zan iya ba, Mastura.

Mastura: Ni ma haka na ce. Inna, ga shi, yana gaishe ku.

Inna: Alo? Autana?

Rafi'u: Na'am, Inna. Barka da hantsi.

Inna: Barka kadai. Ya aikin? Suna kula da kai?

Rafi'u: Suna yi, Inna. Ya... ya gida?

Inna: Gida lafiya lau. Komai yana nan yadda ka bar shi. Ka yi abin da ya kai ka a tsanake, kada ka yi gaggawa, ka ji?

Rafi'u: Na ji, Inna.

Inna: Me ya sami muryarka? Mura kake?

Rafi'u: Iskar garin ce. Ruwa ake ta yi.

Inna: To ka rufe ƙirjinka. Ka sha citta in suna da ita. Allah ya yi maka albarka, ya dawo mana da kai gi... ya dawo da kai lafiya.

Rafi'u: Amin, Inna. Inna, ni dai ina so ki...

Inna: Na'am? Auta? Alo? Mastura, zo ki duba abin nan, ya yi shiru.