Jinkirin Albashin da Ya Saya wa Maƙwabcina Firji

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da masu sauraro baki ɗaya. Ni ne Hamisu direba, daga unguwar Bani Harisa, Madina.

Maƙwabcina Usman Bahaushe ne haihuwar nan. Dabino yake sayarwa, kuma sojan ko-ta-kwana ne, lokaci-lokaci ake kiransu horo. Ba a biyansu nan take. Sai babbansu ya sa hannu, takarda ta tafi ofishin kuɗi ta kwanta wata da watanni. Kullum yana ƙorafi, har tausayinsa nake ji. Ashe tara masa ake yi! Rana ɗaya kuɗin suka sauka a dunƙule, ya shigo da firji. Yanzu matata gidansa take zuwa roƙon ƙanƙara, ta dawo tana cewa, "Maigida, naka albashin da ba ya makara, me ya saya mana?"

Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Na je na roƙi kafilina, wato ubangidan da nake wa aiki, shi ma ya riƙe mini nawa albashin. Don murna har goshina ya sumbata. An yi azumi, an yi Hajji, kullum na je karɓar kuɗina sai ya ce "bukra, bukra", wato gobe, gobe. Usman kuwa ya ƙaro fanka.

Malam, a ba ni shawara. Gwamnati ko ta makara tana biya. Nawa fa, wa zai karɓo mini?