Ba Za Mu Daina Raba Ganye Ba

Mai girma shugaban taro, dattawan kwamiti, malamar asibitinmu, masu lambu da ke aiko mana da amfaninsu kyauta, iyayena maza da mata, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni dama, ni da nake kula da rumbun abincin taimako na unguwar nan. An ce yau za a kaɗa ƙuri'a a daina raba kayan lambu, a koma shinkafa da abincin gwangwani zalla. To, kafin a ɗaga hannu, a ji ta bakina.

Na farko, laifin da ake faɗa gaskiya ne. Kwando goma sha biyu na alayyafo suka ruɓe mana makon jiya, kuma ni na jawo. Kowa ya san ba a wanke ganye a ajiye. Amma ya zo mana duk taɓo, na ce ba zan miƙa wa uwar wani abinci da datti ba don kawai kyauta ne. Muka wanke, muka ƙulle a leda. Kwana biyu, wari ya tarye mu tun daga bakin ƙofa. Na ji kunya, har kuka na yi. Yanzu sai ranar rabo muke wankewa.

Na biyu, an ce gwangwani ba ya ruɓewa. Haka ne, ranku ya daɗe. Dutse ma ba ya ruɓewa, amma ba a miya da shi. Iyayenmu sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Na uku, ga Baba direba can a kujerar baya, ciwon suga ya raba shi da mota. Jiya ya tare ni ya ce, "'Yata, malama ta ce in rage shinkafa in ci ganye, ganyen kasuwa kuwa ya fi ƙarfina. In kun daina, me zan ci?" Ku na kawo wa tambayar.

In hukunci ake so, a sauke ni, a ɗora wanda ya fi ni, ba zan ce uffan ba. Amma ganye ba za mu daina ba! In an rufe mana ɗaki, a bakin titi za mu raba. Duk mai niyyar ɗaga hannu, ya fara waiwayawa ya haɗa ido da Baba.

Allah ya sa albarka a lambunanmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.